Yadda manyan birane suka koma kamar an tsaga kara

Ka sauka a filin jirgi, mota ta ɗauke ka ta hau wani ƙaton titi, hagu da dama dogayen benaye na gilashi, shagunan ma sunayensu ɗaya ne da na birnin da ka baro, sai ka karanta allo kafin ka tabbatar ko Dubai kake ko Toronto. Abin nan yana damuna wallahi, kuma ba daga sama ya faɗo ba, yana da asali.

A da ai gari da abin da ke ƙasarsa ake gina shi, kuma yanayi ne ke faɗa wa magini yadda zai yi. Dubi Shibam ta ƙasar Yaman, benaye ne na tubalin laka masu hawa da yawa, an matse su jikin juna don inuwa ta riƙa sauka a lungu. Inda ƙanƙara ke zuba kuwa sai ka ga rufi ya yi tsini. To sai ƙarfe da lifta suka shigo, a 1885 aka gama wani bene mai hawa 10 a Chicago wanda ƙarfe ke ɗauke da nauyinsa, a 1902 Willis Carrier ya haɗa na'urar sanyaya iska, a 1959 kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da sabuwar hanyar yin faffaɗan gilashi mai santsi. Daga nan fa gini ya daina tambayar rana da iska, zane ɗaya sai a dasa shi a hamada a dasa shi a bakin teku, in dai akwai wuta shi ke nan.

Amma ni a ganina babbar ɓarnar daga tsarin gari ta zo. A 1925 wani shahararren mai zanen gine-gine, Le Corbusier, ya kawo shawarar a rushe wani yanki na tsakiyar Paris a kafa dogayen benaye 18 iri ɗaya, Allah Ya sa ba a yi ba, sai dai tunanin bai mutu ba. A taron masu zanen gine-gine na 1933, wanda ya haifar da yarjejeniyar Athens, aka tsaya kan a raba gari kashi-kashi, wurin kwana daban, wurin aiki daban, wurin shaƙatawa daban, titi ya haɗa su. Brasilia, babban birnin Brazil da aka buɗe a 1960, kusan haka aka gina ta. Sakamakon kowa ya san shi, unguwar ofisoshi da an tashi aiki sai ta koma kamar kufai, unguwar kwana da rana tsit, mai tafiya a ƙasa kuma ya zama baƙo a garinsu. Kasuwa ma aka kwashe ta aka rufe cikin gini, a 1956 Victor Gruen ya zana Southdale a jihar Minnesota ta Amurka, rufaffen rukunin kantuna mai na'urar sanyi, shi kansa daga baya ya nesanta kansa da abin da irin waɗannan wurare suka zama.

Wata marubuciya a Amurka, Jane Jacobs, ita ce ta tsaya ta ce a'a a littafinta na 1961, kuma abin da ya fi kama ni a hujjarta shi ne batun tsofaffin gine-gine. Tsohon gini haya ba tsada, don haka mai gyaran agogo da tela da mai sayar da tsofaffin littattafai za su iya zama, ƙofa kusa da ƙofa, kowa da fentinsa da allonsa da kujerar da yake fitarwa waje. Sabon gini mai tsada kuwa sai banki da manyan kamfanoni ke iya biya, su kuma ko'ina kamarsu ɗaya. Ka yi tafiyar minti biyu a layin tsofaffin gine-gine ka wuce ƙofofi ashirin, a layin sababbi kuwa bango ɗaya ne na gilashi kana ganin inuwarka har ka ƙure shi.

Kada a ce kamanceceniya kanta ce laifi fa. Paris ɗin da jami'in gwamnati Haussmann ya sake wa fasali daga 1853 gidajenta kusan tsayi ɗaya launi ɗaya, amma da ka ga hoto ka gane ta, saboda da dutsen yankin aka gina su, kuma ƙasan benayen shaguna ne sama mutane na kwana. Da aka gama dogon benen Montparnasse mai mita 210 a 1973 mutanen birnin ba su ji daɗi ba sam, a 1977 aka ƙayyade tsayin sabon gini a mita 37. New York ma sai da aka fara rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Penn a 1963 sannan hankali ya dawo, aka yi dokar kare gine-ginen tarihi a 1965, lokacin kuwa aikin rushe tashar ya riga ya yi nisa.