Waiwaye: Daga gangunan Koko zuwa faifan sola

Wanda ya buɗe jerin kayan da hukumar kwastam ta Najeriya ta haramta shigo da su zai iske taliya da siminti na cikin buhu da katin waya, sannan a ƙasa kaɗan ya iske tsofaffin tayoyi, tsofaffin firiji da na'urar sanyaya ɗaki, da motocin da suka tsufa da yawa. Gwanjo ma yana cikin haramtattun da ba a yi musu wata kafa ba, duk da cewa babu kasuwar da za ka shiga daga Sabon Gari zuwa Aba ka rasa dilarsa. Idan ka dubi jerin sai ka ɗauka mutum biyu ne suka rubuta shi, ɗaya yana lissafin dala, ɗaya yana tunanin iska da ruwan sha. Tarihi ya nuna mai lissafin dalar ne ke riƙe da alƙalamin tun farko. Na biyun ba ya samun wurin zama sai an yi ɓarna.

A shekarun da man fetur ya yi tsada, Najeriya ta saba da sayen komai daga waje. Da farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai gwamnatin Shagari, bayanta ta Buhari, suka koma ga lasisin shigo da kaya da dogon jerin haramci don tattalin kuɗin waje. A ɓangaren jari kuwa, dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun riga sun ƙayyade sana'o'in da baƙo zai iya shiga da yawan hannun jarin da zai riƙe. Dokokin sun damu da wane ne mai masana'anta. Ba su tambayi inda ruwan dattin masana'antar yake kwarara ba. A lokacin babu wata hukuma ta tarayya da aikinta kacokan shi ne kare muhalli.

Sai aka zo kan alkama, wadda mutanen Arewa suka fi kowa ganin abin da ta haifar. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita daga Janairun 1987, bayan an riga an hana shinkafa da masara a 1985. Farashin alkamar gida ya yi tashin gwauron zabo, kowa ya zama manomin rani. A tsohuwar jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Haɗeja, an raba injinan ban-ruwa cikin rahusa, masu hannu da shuni suka sa tarakta suka share dazuzzukan bakin fadama, har da jigawar da yashinta ba zai ɗauki noman alkama na shekaru ba. Makiyayan da suka saba sauka fadama da rani suka tarar da gonaki a mashayarsu. Wannan ya faɗo ne a kan kogin da tuni madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ta rage masa ambaliya, kuma a 1992 madatsar Challawa ta zo ta ƙara. Dausayin Haɗeja da Nguru, mai ciyar da masunta da manoman shinkafa da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai, ya ragu ƙwarai, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Ba za a ɗora wa dokar alkama laifin madatsun ruwa ba, amma ita ta tura mutane da injina cikin fadamar a daidai lokacin da ruwanta ke ja baya. A 1992 aka ɗage haramcin, alkamar waje ta dawo, masu neman riba suka watse. Itatuwan da aka tumɓuke ba su dawo tare da ita ba.

Abin da ya sa kalmar muhalli ta shiga dokar ƙasa kuwa ya faru ne can kudu, a wani ƙaramin gari mai tashar jirgin ruwa da ake kira Koko, a jihar Bendel ta wancan lokaci, Delta a yau. Tsakanin 1987 da 1988 wasu 'yan kasuwar Italiya suka yi ta sauke ganguna a can, kimanin tan 3,800 na dattin masana'antu mai guba, suka jibge a filin wani mutumin garin da suke biya dala 100 a wata. Takardun shigowa sun nuna kayan aikin gini ne da makamantansu. Ba kwastam ce ta tona asirin ba. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a jaridun can, suka rubuto wa jaridun gida. Kafin a ankara rana ta dafa gangunan, wasu sun kumbura, wasu suna yoyo. Gwamnati ta janye jakadanta daga Roma, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya a Legas, har sai da Italiya ta yarda ta kwashe kayanta. Ɗaya daga cikin jiragen da suka ɗauki dattin, Karin B, ya yi ta yawo a teku, tashoshin Turai ɗaya bayan ɗaya suna korarsa, kafin ya ƙare a tashar Livorno ta Italiya. Abin da Turawa suka ƙi bari ya matso gaɓarsu, shi ne ya yi watanni a bayan gidajen mutane a Koko.

Cikin shekarar aka yi Doka ta 42, mai hukuncin ɗaurin rai da rai ga duk wanda ya shigo da datti mai guba ko ya zubar da shi, aka kuma yi Doka ta 58 wadda ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A duniya ma abin ya yi tasiri. An amince da yarjejeniyar Basel kan safarar datti mai guba tsakanin ƙasashe a Maris 1989, ƙasashen Afirka suka ga ta yi sassauci domin ta halatta cinikin datti muddin ƙasar da za a kai wa ta yarda, sai suka yi tasu a Bamako a 1991 wadda ta haramta shigo da shi nahiyar baki ɗaya. A 1992 Najeriya ta ƙara da Doka ta 86, wadda ta wajabta binciken illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a sa harsashinsa.

Shekara uku bayan haka aka buɗe ƙofar jari gaba ɗaya. Doka ta 16 ta 1995, a zamanin Abacha, ta kafa hukumar bunƙasa zuba jari, ta kuma ba baƙo damar mallakar kamfani ɗari bisa ɗari a kusan kowace sana'a, da tabbacin fitar da ribarsa. A takarda babu saɓani tsakaninta da dokar 1992. A aikace, hukumar da ke kiran mai jari tana da rangwamen haraji a hannu, mai binciken muhalli kuwa sau da yawa rahoton da kamfanin ya biya aka rubuta shi yake karantawa, wani lokacin ma bayan gini ya yi nisa. An narkar da FEPA cikin ma'aikatar muhalli a 1999, sai a 2007 aka kafa hukumar NESREA don tilasta bin ƙa'idar muhalli, aka kuma cire harkar mai da gas daga hurumin ta, wato ɓangaren da ya fi kowane jan jarin waje da ɓata ƙasa. Mutumin Kano ba ya bukatar zuwa Neja Delta don ya fahimci wannan. An hana fitar da ɗanyar fata don a tilasta jima a gida, masana'antun jima suka cika Challawa da Sharaɗa da Bompai, aka sami aikin yi da kuɗin waje, ruwan jima mai sinadarin kuromiyam kuma ya bi kogin Challawa da rafin Jakara, inda masu lambu ke ban-ruwa da shi. Yarjejeniyar jari da aka sa wa hannu da Maroko a Disamba 2016 ta ɗora wa mai jari nauyin binciken muhalli a cikin nassinta, masana suka yaba, amma yawancin jarin da ke ƙasar ba ta wannan ƙofa ya shigo ba.

Datti kuwa bai daina zuwa ba, kama ya sauya. Maimakon ganga, sai ya zo a matsayin kwamfuta da talabijin da firiji na hannu. Nan dokar ta sha wahala, domin tsohuwar kwamfutar da ke aiki alheri ce ga ɗalibi, wadda ta mutu kuwa datti ce, kuma daga bakin kwantena ba ka bambance su. An fitar da ƙa'idar kayan lantarki a 2011 wadda ta hana shigo da matattu. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a shekara, sama da tan 15,000 ba sa aiki, kuma mafi yawansu ba a kwantena suke zuwa ba, cusa su ake yi cikin tsofaffin motocin da ake shigowa da su. Abin da masu gyara na kasuwannin Alaba da Ikeja a Legas suka kasa tayarwa yakan ƙare a hannun 'yan jari-bola, da yawansu samarin Arewa ne da suka je ci-rani, su ƙona wayoyin don su fitar da jan ƙarfe, su shaƙi hayaƙin.

Labarin mota ya fi kowanne nuna yadda doka ke lanƙwasa. A zamanin Obasanjo aka ce kada motar da ta wuce shekara 5 ta shigo. Aka yi kuka, aka ɗaga zuwa 8, zuwa 10, har ta kai 15. Tsarin motoci na 2013 ya kai kuɗin fito da haraji zuwa kashi 70 cikin ɗari don a kare masu haɗa mota a gida, daga Janairun 2017 kuma aka hana shigo da mota ta iyakar tudu. Wanda ya san hanyar Kwatano zuwa Maraɗi da Birnin Ƙonni ya san abin da ya biyo baya: motar ba ta fasa zuwa ba, hanyarta ce ta yi tsawo, kuma da tsada ta ƙaru sai mai ƙaramin ƙarfi ya koma ga wadda ta fi tsufa da hayaƙi. Man da ake zuba mata ma haka. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa wa Afirka ta Yamma man dizal na musamman mai yawan farar wuta. Ba su karya doka ba, domin ƙa'idar Najeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta tsaya a 10. A Disambar shekarar Najeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka yi alkawarin sauka zuwa 50. Najeriya ta yi ta ɗage ranar aiwatarwa, saboda mai tsafta ya fi tsada kuma a lokacin gwamnati ce ke biyan tallafin fetur. Sai da ƙasar Holan, daga baya Beljiyam, suka hana fitar da irin wannan mai daga tashoshinsu. A ganina wannan abin kunya ne da ya kamata a riƙa tunawa da shi: mai sayarwa ne ya riga mai shaƙa cewa ya isa.

Jerin kaya 41 da Babban Banki ya hana wa dalar gwamnati a Yunin 2015, da rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sun maimaita darasin alkama, wannan karon a kan shinkafa. Noma ya faɗaɗa a fadamun Kebbi da Jigawa, injinan casa suka yawaita, buntu ya taru tsibi-tsibi a bayan gari ana cinna masa wuta. An ɗage takunkumin dalar a Oktoban 2023, muhawarar da aka yi kuma duk a kan farashin buhu ta tsaya.

A 2025 ministan kimiyya da fasaha na lokacin ya yi maganar hana shigo da faifan sola don a ƙarfafa masu haɗa shi a gida. Hujjar ita ce dai ta 1987: dala, masana'anta, aikin yi. Ta zo ne kusan shekara biyu bayan cire tallafin fetur, lokacin da manomin rani a Kura da Auyo ya fara ajiye injin fetur yana ɗaura famfonsa a kan faifan da aka ƙera a Sin, mai shagon cajin waya kuma ya kashe janareto. Masu sayar da kayan sola suka yi ca, suka ce abin da ake haɗawa a gida bai kai ko kusa da bukata ba. A ɗaya gefen kuma akwai batir ɗin dalma da sau da yawa ke tafiya tare da faifan, wanda bayan 'yan shekaru yake mutuwa, ɗan gwangwan ya saye shi, ya fasa da adda, ya tsiyaye ruwansa a ƙasa, ya loda dalmar a mota zuwa masana'antun narkarwa na Ogijo a jihar Ogun.