Gidan Ƙarfe na Maputo: Tambayoyi da Amsoshi

A birnin Maputo na ƙasar Mozambik akwai wani gida mai hawa uku wanda bangonsa da rufinsa duk ƙarfe ne. Ɗaliban zanen gine-gine a Samaru da masu sha'awar tarihi a nan Zariya sukan yi tambaya a kansa. Ga abin da ya kamata mai niyyar zuwa ya sani.

Daga ina gidan ya fito?

Sunansa Casa de Ferro a harshen Fotugis. Ba a Maputo aka ƙera shi ba. A Beljiyam aka buga faya-fayan ƙarfensa, aka yi lodinsu a jirgin ruwa, aka zo aka harhaɗa su da noti a 1892. A lokacin birnin yana amsa sunan Lourenço Marques, a hannun Turawan Fotugal, kuma don gwamnansu aka sayo gidan.

Da gaske Gustave Eiffel ne ya zana shi?

Haka ake yawan gaya wa baƙi, kuma maganar tana da daɗin ji, tunda a 1889 aka kammala hasumiyar Eiffel a Faransa, shekara uku kacal kafin wannan gida. Amma masu bincike sun gano cewa tsarin wani injiniya ɗan Beljiyam ne, Joseph Danly, wanda a wancan zamani wata masana'anta a garin Aiseau na Beljiyam ke ƙera irin gidajensa tana aikawa ƙasashen duniya. Irin wannan jingina suna ta shafi tashar jirgin ƙasa ta Maputo da Fadar Ƙarfe ta Luanda a Angola. A ganina gidan ba ya buƙatar aron sunan kowa, labarinsa ya ishe shi.

To me ya hana gwamnan zama a ciki?

Zafi. Kada a ɗauka maƙeransa ba su yi tunanin haka ba. Bangon ninki biyu ne, faifai a waje, faifai a ciki, da sarari a tsakani don iska ta riƙa zagayawa tana kwashe zafi. A takarda dabarar ta yi. Sai dai Maputo tana bakin Tekun Indiya, ga rana ga gumi, ƙarfe kuwa da rana ta taɓa shi yake ɗauka. Duk wanda ya taɓa kwanciyar azahar a ɗakin kwano marar silin a Tudun Wada cikin watan Afrilu ya san abin da gwamnan ya guda. Daga nan gidan ya shiga hannun ma'aikatu da makarantu, wannan ya karɓa wancan ya bari.

Me ya haɗa ɗan Zazzau da gidan da ke can kudancin Afirka?

Abu mai yawa, ɗan'uwa. Kusan shekara hamsin kafin a kafa gidan Maputo, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Kayan aikinsa tubali ne da ƙasa da azara. Ya ɗaga rufin a kan bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙai na ƙasa da azara, ya yi bango mai kaurin da zafin rana ba ya keta shi sai can da dare, lokacin da gari ya yi sanyi. Shi ya sa soron gargajiya yake da sanyi da rana, da ɗumi a hunturu. Magina sun san ƙasarsu, sun san iskarta.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka juya wa wannan ilimi baya. Zaga cikin ganuwa ka ga yadda soraye ke rushewa, bulo da kwano na maye gurbinsu, sannan a koma ana neman fanka da janareta. Ban ce kwano ba shi da amfani ba. Wanda ya sha yaɓe duk shekara kafin damina ya san dalilin da ya sa mutane suka koma gare shi. Amma ina son ɗalibin da zai tsaya gaban gidan Maputo ya fara shiga wannan masallaci, ko ya ga kwafinsa a gidan tarihi na Jos, don ya sami ma'aunin da zai gwada.

A ina yake, kuma me ke kusa da shi?

A 1966 aka kwance shi aka mayar da shi inda yake yanzu, gefen lambun Tunduru a tsakiyar birni. Da ƙafa za ka isa Dandalin 'Yanci, inda mutum-mutumin Samora Machel, shugaban ƙasar na farko bayan 'yancin 1975, yake tsaye, ga babban coci da ginin majalisar birni. Idan ka isa, matsa kusa da bango ka duba yadda faya-fayan suka haɗu da juna. Kafin ka shiga ko ka ɗauki hoto a ciki, nemi izinin ma'aikatan wurin.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Yanayinsu akasin namu ne. Lokacin da muke hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, su suna tsakiyar zafi da ruwan sama. Yuni da Yuli sun fi sauƙin yawo. Kuɗinsu metikal ne, harshen hukuma kuma Fotugis, don haka ka koyi gaisuwa da tambayar hanya kafin ka tashi.