Ƙarar injinan aikin titi da kunnuwanmu

Jama'a salamu alaikum. Ni ma'aikacin lafiyar muhalli ne, wato duba-gari, kuma maganar da zan yi yau mutane da yawa ba sa ɗaukarta ciwo.

Kwanaki ana gyaran wani titi a bayan unguwarmu na tsaya wajen wani mai shayi da teburinsa bai fi taku goma da inda ake fasa tsohuwar kwalta ba, na ce Malam a haɗa min kofi ɗaya, sai da na faɗa sau uku har da nuni da hannu kafin ya gane. Ya ce min wallahi yallaɓai kwana biyun nan ko na koma gida na kwanta kunnena shuuu yake yi kamar an kunna rediyo babu tasha. Yaron da ke riƙe da injin fasa kwaltar kuwa auduga ya cusa a kunne ɗaya, ɗayan ma babu komai, jikinsa duk yana karkarwa tare da injin. Toh wannan shuuu ɗin ba gajiya ba ce, kunne ne ke kuka.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar da muke yi ta yau da kullum wajen 60 ce. Daga 85 zuwa sama idan mutum ya yi awa 8 a ciki kullum jinsa zai fara raguwa, kuma duk ƙarin 3 kacal lokacin da kunne zai iya jurewa raguwa yake da rabi. Injin fasa kwalta yana kai 100 har ya wuce, a nan kuwa minti 15 ne iyaka. Ka ga yaron can da ke wuni a kai. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa, in suka mutu ba sa sake fitowa, babu allura babu ɗigo. Kuma abin ba rana ɗaya yake zuwa ba, a hankali ne, sai ka ga magidanci kullum yana ƙara sautin talabijin yana cewa yaran yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Ga rashin barci ga faɗuwar gaba, masu hawan jini su suka fi sanin wannan, balle jarirai da ɗalibai a aji.

Kowa na son titi, ni ma ina so, wanda ya sha fama da taɓo da damina ba zai ce a kori katafila ba. Amma aiki da tsari ake yinsa. Akwai doka tun 2009 ta NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, kan ƙayyade ƙara, kuma wuraren gine-gine na ciki. Sannan titunan cikin unguwa da magudanan ruwa tsarin mulki ya sa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, don haka tana da bakin magana da ɗan kwangila. Abin da muke nema a wajensu ba mai tsada ba ne: aikin fasa kwalta da rola mai jijjiga a yi shi da rana ba tsakar dare ba, janareta da kwamfuresa a matsar da su daga jikin gidaje da asibiti da makaranta ko a kewaye su da langa-langa da katako, tifa in ba lodi take ba a kashe ta, injin da salansarsa ta fashe a gyara. Leburori kuma a ba su abin toshe kunne na gaske, audugar nan kusan ba ta tare komai.

Sai dai gaskiya mu duba-gari 'yan kaɗan ne, ba ma iya zaga Fagge da Dala da Gwale da Tarauni lungu-lungu, sai an kawo ƙorafi muke sani. Mutanenmu kuma sai haƙuri, a yi ta mita a majalisa da shagon aski amma babu wanda zai taka. Ku sami mai unguwa ko kansila, ko ku je sashen lafiya na sakatariyar ƙaramar hukumarku ku ce duba-gari kuke nema, ku faɗi layin da lokacin da ake kunna injin. In aikin na jiha ne ko na tarayya ma takardar ƙorafin ana iya tura ta gaba. Don Allah banda jifan direba ko faɗa da lebura, shi ma turo shi aka yi.

Kafin nan ga gwaji mai sauƙi, in kana tsaye da mutum tazarar hannu ɗaya sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, wurin nan ƙarar ta yi yawa, matsa. Iyaye mata a daina barin yara suna tsayawa kallon gireda, masu talla a ja baya da faranti. Wanda kuma kunnensa ke ƙugi kwana da kwanaki kar ya ɗiga manja ko man zaitun, ya je sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a gwada jinsa. Mai shayin nan dai na sa ya mayar da teburinsa bayan masallaci har a gama aikin.