Jordi Casals: likitan da ya gano ƙwayar zazzaɓin Lassa, ita kuma ta kusa halaka shi

Da rani ya kama sai a fara jin sanarwa a rediyo kan ɓeraye da zazzaɓin Lassa. Sunan mutumin da aka fara ganin ƙwayar a ɗakin bincikensa kuwa ba kasafai ake ambata ba.

Wane ne shi?

Ɗan yankin Kataloniya ne a ƙasar Sifaniya, an haife shi a 1911. Ya yi karatun likita a Basalona, ya koma Amurka a 1936, daga baya ya kama aiki a cibiyar bincike ta Rockefeller da ke New York. Ya rasu a 2004.

Da me aka san shi kafin Lassa?

Da aikin da sai mai haƙuri: tantance dangantakar ƙwayoyin bairas da sauro da kaska ke yaɗawa. A lokacin ana ta gano sababbi a Afirka da Kudancin Amurka, ba wanda ya san wace ce 'yar'uwar wace. Casals ya riƙa gwada su da ruwan jini, yana duba wadda garkuwar jiki ke ɗauka tamkar wata, har ya raba su gida-gida. Ƙwayoyin cutar shawara, zazzaɓin denge da na Zika duk suka faɗa gida ɗaya. A ganina wannan ne babban aikinsa, ko da yake labarin Lassa ya fi daɗin bayarwa.

To yaya cutar wani ƙauye a Borno ta kai gare shi?

A watan Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kwanta ciwo a garin Lassa. Aka kai ta asibitin mishan a Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Ta ukun, Penny Pinneo, aka ɗauke ta a jirgi zuwa New York, ta sha da ƙyar. Jininsu aka kai Jami'ar Yale, inda Casals yake tun 1964. Shi da abokiyar aikinsa Sonja Buckley suka ware ƙwayar, suka ga ba ta yi kama da duk waɗanda suka sani ba.

Da gaske ne shi ma ya kamu?

Ƙwarai. A watan Yunin shekarar zazzaɓi ya kayar da shi, har aka fara fid da rai. Magani babu. Sai likitoci suka yi kasada, suka ɗebi ruwan jinin Pinneo wadda ta warke, suka ƙara masa. Ya tashi. Amma kafin shekarar ta ƙare wani ma'aikacin Yale, Juan Roman, ya kamu ya mutu, alhali ba ya cikin masu aiki da ƙwayar. Nan take jami'ar ta dakatar da binciken, aka mayar da samfuran cibiyar yaƙi da cututtuka da ke Atlanta. A Jos ma, Dakta Jeanette Troup ta rasu a 1970 bayan ta yanke a hannu tana binciken gawa.

Shi ya gano cewa ɓera ne ke ɗauke da ita?

A'a. Wannan ya biyo baya, sakamakon ɓarkewar cutar a Saliyo a 1972.

Me ya sa aka laƙaba mata sunan garin?

Al'adar masu binciken ce a wancan zamani: inda aka fara ganin cuta, sunansa take ɗauka, kamar yadda Zika ta ɗauki sunan wani daji a Yuganda. Mutanen Lassa dai ba a tambaye su ba. Sai a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina sa wa sababbin cututtuka sunan gari ko ƙasa.