Ma'anar "Kiristal" a Takardar Gwajin Fitsarin Ɗan Kwikwiyo

Wanda ya kai ɗan kwikwiyonsa asibitin dabbobi a Katsina saboda ya ga yana yawan tsugunawa, fitsari na fita ɗis-ɗis, wani lokaci har da jirwayen jini, yakan dawo da takardar gwaji mai ɗauke da kalmar "kiristal". Da yawa daga cikin masu kiwon karnukan gadi da na farauta suna ɗauka an ce musu karen yana da tsakuwa a mafitsara, alhali akwai tazara tsakanin abubuwan biyu, kuma rashin gane wannan tazara ne ke sa a yi wa ƙaramin kare maganin da bai dace da shi ba.

Kiristal dai ƙananan ƙwayoyin gishiri ne da ido ba ya gani sai an sa ɗigon fitsarin a ƙarƙashin madubin likita. Fitsari yana ɗauke da sinadarai narkakku, kuma idan ya yi kauri ko yanayinsa ya sauya, sai wasu daga cikinsu su daskare, kamar yadda farin gishiri ke fitowa a gefen tukunya idan ruwa ya ƙone. Tsakuwa kuwa ita ce abin da ke samuwa idan waɗannan ƙwayoyi suka daɗe suna manne wa juna har suka zama dunƙule. Akwai karnuka masu ƙoshin lafiya da ake ganin kiristal a fitsarinsu ba tare da wata illa ba. Haka nan fitsarin da ya daɗe a kwalba, ko wanda aka ajiye a firiji, yakan haifar da kiristal ɗin da babu shi a jikin karen, shi ya sa likitoci ke so a duba shi cikin sa'a ɗaya da ɗibarsa. Wanda ya tari fitsari da asuba a wani ƙauyen Daura, bai isa ɗakin gwaji ba sai bayan azahar, yana iya samun sakamakon da zai tayar masa da hankali a banza.

Nau'in da aka fi gani a 'yan kwikwiyo shi ne sitirubait, haɗin maganiziyam da amoniyam da fosfet, wanda a madubi yake kama da murfin akwati. An fara bayanin wannan sinadari a 1845, bayan an gano shi a tsofaffin magudanan najasa na birnin Hambug na Jamus, asalin da ke nuna irin wurin da yake son tsirowa. A jikin kare, sitirubait galibi rakiyar ciwon mafitsara yake yi, wanda mutanenmu kan haɗa shi da wasu cututtuka su kira duka da "sanyi". Ƙwayoyin cuta irin su Staphylococcus da Proteus suna farfasa sinadarin yuriya da ke cikin fitsari su mayar da shi amoniya, sai fitsarin ya bar ɗan tsamin da aka san shi da shi ya koma ɓangaren kanwa, ya kuma riƙa wari mai hawa kai. A ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kanwa, wanda 7 ce tsakiyarsa, sitirubait yana daskarewa ne idan fitsari ya haura wannan lamba. Ita kuwa E. coli, wadda ta fi kowace ƙwaya haddasa ciwon mafitsara a karnuka, ba kasafai take yin wannan aiki ba, don haka ana iya samun ciwon ba tare da kiristal ba. 'Yan kwikwiyo mata sun fi kamuwa, domin hanyar fitsarinsu gajera ce.

Akwai kuma kalsiyam oksalet mai siffar ambulan, wanda ya fi damun karnukan da suka manyanta kuma abinci ba ya narkar da tsakuwarsa, sai tiyata. Na ukun shi ne yuret, wanda ganinsa a ƙaramin kare kan sa likita ya binciki hanta.

Tunda ciwon ne tushen sitirubait, maganinsa yana farawa ne daga kashe ƙwayoyin cutar. Abin da ya fi inganci shi ne a shuka fitsarin a ɗakin gwaji, wato a bar ƙwayoyin cutar da ke cikinsa su tsiro, na kwana 2 zuwa 3 a ga wace ƙwaya ce da kuma maganin da take ji. Ciwo mai sauƙi yakan warke da amoksisilin na kwana 3 zuwa 5, bisa awon da likita ya yi da nauyin karen, amma idan hoto ya nuna tsakuwa ta riga ta haɗu, ana ci gaba da maganin har sai ta narke, domin ƙwayoyin cuta suna ɓoye a cikin ɓawonta. A nan ne al'adar sayen magani a teburin kasuwa take yin ɓarna. Enrofuloksasin da ɗan'uwansa sifurofuloksasin suna lalata guringuntsin gaɓoɓin kare mai tasowa, oksitetirasaikilin da ake yi wa shanu da awaki yana ɓata haƙoran da ke fitowa, shi kuwa ibufurofen da mutum ke sha don ciwon jiki yana iya gyambata cikin kare ya kuma taɓa masa ƙoda.

Batun abinci shi ne inda ake yawan kuskure, musamman ga masu karatu a intanet. Akwai abincin kanti na musamman da aka tsara domin narkar da sitirubait, wanda aka rage masa furotin da fosfaras da maganiziyam, aka kuma sa shi ya ƙara wa fitsari tsami. An yi shi ne domin karen da ya gama girma. Ɗan kwikwiyo yana gina ƙashi da tsoka, kuma ainihin abubuwan da aka rage su ne yake buƙata, saboda haka ɗora shi a kan wannan abinci na tsawon makonni zai iya tauye masa girma. A ganina, ba daidai ba ne a raunana ƙashin kare mai wata 4 domin a kori kiristal ɗin da zai ɓace da kansa da zarar ciwon ya warke. Abin da ya dace shi ne ya ci gaba da cin cikakken abincin 'yan kwikwiyo, sai dai idan likita ne da kansa ya sauya masa.

Ga mafi yawan gidajenmu, inda kare ke cin ragowar tuwo da ƙashi da kan kifi, gyaran ya fi sauƙi. Miyar da aka zuba wa kanwa da yawa tana tura fitsari zuwa yanayin da sitirubait ke so, albasa da tafarnuwar da ke cikinta kuma suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, don haka gara a ware masa dafaffen nama ko ƙwai da ɗan tuwo ba tare da miya ba. Kada kuma a zuba masa ruwan tsami ko lemon tsami da nufin gyara fitsari, domin tsami fiye da kima yana buɗe ƙofa ga oksalet. Ruwa shi ne babban mataimaki. Babban kare yana shan kimanin mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinsa a rana, ɗan kwikwiyo ya fi haka, kuma a bazarar Katsina, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, kwanon da aka cika da safe aka bari a rana ba zai wadatar ba. A ajiye shi a inuwa, a riƙa sauya ruwan, a jiƙa busasshen abinci kafin a ba shi, sannan a riƙa kwance karen da ke ɗaure ko ke cikin keji ya fita fitsari akai-akai, domin fitsarin da ya kwana a mafitsara shi ne gonar ƙwayoyin cuta.

Idan namiji ya riƙa yunƙuri babu ko ɗigo, cikinsa ya yi tauri, ya fara amai, to tsakuwa ta toshe masa hanya a bayan ɗan ƙashin da ke cikin gabansa, kuma wannan ba abin da za a jira gari ya waye ba ne, domin yana iya kashe shi cikin kwana 2 ko 3. Idan kuma ciwon yana dawowa bayan kowane magani, ko 'yar kwikwiyon kullum bayanta a jiƙe yake ko da tana barci, likita zai duba ko an haife ta ne da bututun ƙoda da ya kauce wa mafitsara, matsalar da galibi sai an yi mata tiyata.