Iyakar albarushi a ɗurin harsashi da hannu

Ɗurin harsashi da hannu shi ne mutum ya ɗauki kwanson da aka harba, ya sa masa sabuwar firama, wato ɗan maɓallin da ke tada wuta a gindin kwanso, ya auna albarushi ya zuba, sannan ya dasa harsashi a bakinsa. Iyakar albarushi kuwa ita ce mafi yawan abin da za a zuba ba tare da matsin da ke tasowa cikin bindiga ya wuce ƙarfinta ba. Ana auna shi da giren. Giren 7,000 ne ke cika nauyin fam ɗaya, kowane giren kuma miligiram 64.8 ne.

Ko da yake da nauyi ake rubuta iyakar, ainihin abin da ake tsoro matsi ne. Albarushin zamani marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya fara haɗawa a Faransa a 1884, yana ƙara saurin ci ne gwargwadon yadda matsi ke hawa. Shi ya sa idan an kusanci iyaka, ɗan ƙari kaɗan kan ɗaga matsin fiye da yadda ake zato. Hukumomi biyu ke tsara ƙa'idar: SAAMI ta Amurka da aka kafa a 1926, da CIP ta Turai da ta samo asali a 1914. A ma'aunin SAAMI, matsin harsashin doguwar bindiga .308 Winchester ba ya wuce psi 62,000 (psi ma'aunin matsi ne), na .30-06 kuma 60,000. Na libarba sun yi ƙasa sosai: .357 Magnum 35,000, .38 Special 17,000 kacal.

Mai ɗuri a gida ba shi da na'urar auna matsi, don haka ya dogara ne ga littattafan da kamfanoni irin su Hodgdon, Hornady, Speer da Lyman ke fitarwa bayan gwaji. Kowane layi yana ba da adadin farawa da adadin ƙarshe. Ana somawa ne daga ƙasa, galibi kashi 10 cikin 100 ƙasa da iyaka, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana duba kwanso. Abin da sababbin hannu suka fi mantawa shi ne adadin na wannan haɗin ne kaɗai. Aka sauya nauyin harsashi, ko kamfanin kwanso, ko firama, to an koma farko. Kwanson soja ya kan fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci, matsi ya hau. Haka idan an tura harsashi ciki fiye da kima, musamman a gajeren kwanso. Zafin rana ma yana ƙara wa wasu nau'o'in albarushi ƙarfi, har ɗurin da ya yi lafiya da sanyi ya zama haɗari da zafi.

A doguwar bindiga akwai alamun gargaɗi: sakata ta yi tauri wajen buɗewa, firama ta baje ko ta huje, gindin kwanso ya fito da tabo mai sheƙi. Sai dai alamun sukan makara, domin sau da yawa ba sa bayyana sai an riga an wuce iyaka. A libarba lamarin ya fi muni. Bindigar da aka ƙera don psi 17,000 na iya lalacewa kwansonta bai nuna komai ba. Ga kuma haɗarin zubi biyu: .38 Special ya fito ne a 1898 don baƙin albarushi mai cin wuri, saboda haka kwansonsa na da faɗin da zai haɗiye ninki biyu na albarushi mai saurin ci ba tare da ya zube ba. Wannan ne ke tsaga gangar libarba, wato sashen da ke juyawa ɗauke da harsasai. Masu lura sukan jera kwansuna su haska su ɗaya bayan ɗaya kafin dasa harsashi, kuma ba sa ajiye gwangwanin albarushi fiye da ɗaya a kan tebur.

Ƙaranci ma yana da nasa haɗarin. Idan albarushi ya yi kaɗan, harsashi kan maƙale a bututu, harbi na gaba ya same shi a can. Wasu nau'o'in albarushi, kamar H110, ba a yarda a rage su sosai ƙasa da adadin littafi ba, domin ba sa kama wuta daidai a ƙaramin matsi.

Shekarun bindiga su ma suna shiga lissafi. Littattafai da dama sun raba ɗurin harsashin .45-70 gida uku: na tsohuwar bindigar Springfield ta 1873, na bindigogi masu liba (mariƙin da ake ja don ɗana harsashi) na zamani, da na masu ƙarfi irin Ruger No. 1. Kwanso ɗaya ne, yana shiga dukkansu, amma ɗurin rukuni na uku zai iya fasa ta farkon.