Littafin labari da mutum-mutumin da yaro zai haɗa da hannunsa: tambayoyi da amsoshi

Me ke cikin kwalin da ake sayar da littafin da kayan haɗa mutum-mutumi mai motsi da batir?

Littafi mai hotuna, sai leda cike da kayan haɗi: tayoyi, wayoyi ja da baƙi, gidan batir, 'yan kusoshi, sukundireba, da ƙaramin inji mai juyawa irin wanda yara ke cirowa daga tsohuwar rediyon kaset. A cikin labarin akwai mutum-mutumi da ya shiga wata matsala. Idan babi ya ƙare, sai a ce wa yaro ya haɗa sashen da zai fitar da shi. Babi na gaba, wani sashen.

Takardar umarni ba ta isa ba, sai an kawo labari?

Takardar umarni tana gaya wa yaro yadda zai yi, labari kuma yana ba shi dalilin yi. Ku duba yadda yara ke zama idan kaka ta ce "ga ta nan, ga ta nanku". Ba wanda zai tashi sai ya ji yadda Gizo ya ƙare. Wannan ƙishin jin ƙarshe shi ake aro. Yaron da ya san jarumin labarin ya maƙale a bakin rafi don ba shi da ƙafafu zai yi haƙuri da kusar da ta ƙi shiga, abin da ba zai yi ba idan zane mai lamba ɗaya zuwa ashirin kawai aka ajiye masa.

Ribar ta biyu ita ta fi burge ni. Yaron da ke gudun karatu yana karantawa ba tare da an tsaya masa da bulala ba, domin idan ya tsallake layi ɗaya abin ba zai tashi ba. Nan take yake ganin sakamakon tsallaken, ya koma ya sake dubawa.

To a zahiri me yake koya?

Abubuwa ƙanana amma na gaske. Batir irin na rimot, mai alamar AA, wuta mai ƙarfin bolt 1.5 yake bayarwa, biyu a jere kuma 3. Idan ya sauya wa wayoyin inji wuri, mutum-mutumin zai yi baya maimakon gaba. Ƙaramin ƙwan LED yana da doguwar ƙafa da gajera, in an juya shi ba zai kama ba. Ƙaramar taya mai haƙora idan tana juya babba, gudu zai ragu amma ƙarfi ya ƙaru, kamar yadda direban tirela ke yi a hawan tudu.

Kayan haɗi masu tsada kan zo da 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ake rubuta wa umarni. Wasu suna amfani da micro:bit, wanda BBC ta raba wa ɗalibai a Birtaniya a 2016, wasu da Arduino da aka ƙirƙira a Italiya a 2005. Ga yara, an fi farawa da tsari irin na Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar kyauta a 2007, inda ake jera umarni kamar tubali.

Daga shekara nawa?

Ku bi abin da aka rubuta a kwali. Wanda bai kai shekara 3 ba kam a nesanta shi da ƙananan kayan, domin komai baki yake kaiwa. A gidan yawa wannan ba ƙaramin aiki ba ne: an saya wa yaya, ƙanin da ke rarrafe ne zai tsinci kusa a tabarma. Mafi haɗari shi ne batir mai kama da maɓallin riga. Idan aka haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshi cikin awa 2, don haka asibiti za a nufa, kada a jira. Ƙananan maganaɗisu ma haka.

Littattafan da Turanci suke, yarana kuwa Hausa suka fi ji.

Ku karanta tare, ku riƙa fassarawa. Sunayen kayan kuma a kira su yadda mai gyaran rediyo na unguwa yake kiransu.

Kuɗinsu fa? Ba kowa zai iya ba.

Gaskiya ne, kayan waje ne, farashinsu yana bin dala. Amma haɗa abin wasa da hannu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wa bai ga motar kara ko ta langa-langa ba, da tayoyin silifas? Wanda ke Kaduna ma ya yi sa'a: Panteka tana nan, inda maƙera da masu walda ke mayar da tsohon ƙarfe sabon kaya, ga kuma masu kayan lantarki a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Inji ɗaya, gidan batir, makunni, murafen kwalba da kwali sun isa a yi abin da zai yi tafiya. Labarin ku ƙirƙira da kanku: mutum-mutumin da aka aika Kasuwar Barci ruwan sama ya tare shi a Tudun Wada. Ko ku bar yaron ya rubuta, ku ku saurara.

In zauna in haɗa masa ne?

A'a. Nan iyaye maza suka fi faɗawa. Baba zai karɓi sukundireba da sunan nuna misali, kafin a ankara ya gama komai, yaro na gefe yana kallo. Ku riƙe littafin, shi ya riƙe kayan. Idan abin ya ƙi motsi kada ku yi saurin gyarawa, ku tambaye shi: batir ɗin daidai ya zauna? Wace waya ce ta saki? Idan kuma lokacin hunturu ne, ku ce ya hure ƙurar da ta shiga tsakanin haƙoran tayoyin.